Ƙafafun Katako a Tanderun Burodi

Akwai wani tsohon mai ɗinkin takalma da ya yi shekara talatin da takwas a shago ɗaya, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo. Ma'aikatansa Maigida suke ce masa, masu saye ma haka, har ya kasance in ka ambaci sunansa na yanka sai an yi tunani kafin a gane wanda kake nufi.

Shagon ba shi da girma. Taku bakwai ne daga ƙofa zuwa bangon ƙarshe. Amma duk wanda ya shiga karon farko sai ya tsaya cak, domin bangon nan daga sama har ƙasa ƙafafu ne a rataye. Ƙafafun katako, bibbiyu, an haɗa su da igiya an saƙale a ƙusa.

Ga yadda abin yake. In ka zo a yi maka takalmi, Maigida ba zai tambaye ka lambar da kake sawa ba. Zai zaunar da kai, ya durƙusa, ya ɗora ƙafarka a kan takarda, ya zagaye ta da fensir, ya auna ta wuri shida da zare. Daga nan a sassaƙa katako daidai da ita. In kana da ƙashin da ya turo gefe, a manna 'yar fata a jikin katakon daidai wurin. In ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta, kowace da nata. A kan wannan katako za a riƙa ɗinka maka takalmi muddin ranka, ana ƙari ana ragi yadda shekaru suka juya ƙafar.

Mutum ɗari uku da goma sha biyu ke da ƙafa a bangon nan. Yawancinsu waɗanda takalmin kanti ba ya yi musu ne: direban da ya taɓa karaya, ma'aikaciyar jinya mai yini a tsaye, tsofaffi masu kumburi, yaran da aka haifa da ƙafa a karkace.

Mai sassaƙa katakon wani dattijo ne da kowa ke kira Kawu, ko da yake bai haɗa jini da kowa a shagon ba. Shekararsa talatin da ɗaya tare da Maigida. Babu suna a jikin ko ɗaya daga cikin katakon, amma Kawu ko ido a rufe ya shafa ya san ta wane ne. Yana sunkuye yana aiki, mutum zai shigo, sai ka ji ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Direba, ka ƙara ƙiba. Na ji a takunka."

"Kai Kawu, sharri dai! Uwargida ce ta iya girki."

"To ka gaya mata ƙafar dama ta ce a sassauta."

Sai kuma Gwaggo, wadda ke kan keken ɗinki tana haɗa fatar sama. Shekararta goma sha tara a wurin. Bakinta ya fi allurarta tsini, amma ɗinkinta ba ya warwarewa.

Cikin masu sayen akwai wata da ake kira Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare. Ciwon suga ya kashe mata jin ƙafa, ko ƙaya ta taka ba ta sani. Saboda haka takalminta daban ake yin sa: fata mai laushi a ciki, babu ɗinki ko ɗaya da zai gogi fatarta, ga sarari a gefen babban yatsan hagu inda ƙashi ya fito. Shekara ashirin da shida tana sa takalmin shagon, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Rabin tsofaffin da ke zuwa ita ta kawo su. Takan ce musu, "Ni ba na jin ƙafata, Kawu ke ji mini."

Wata safiyar Talata, Maigida ya sunkuya zai ɗauki guduma, bai ƙara miƙewa ba. Shanyewar ɓarin jiki. Ya yi wata guda a asibiti, aka mayar da shi gida, hannun dama ba ya motsi, baki ba ya fitar da magana.

Sai ɗansa na ƙarshe ya karɓi shagon. Auta ake ce masa tun yana rarrafe a ƙarƙashin teburin Kawu. Ya yi karatu mai zurfi, ya yi aiki a ofishin tallace-tallace na wani babban kamfani. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Yana son mahaifinsa, yana kuma jin kunyar a ce shekara talatin da takwas shagon bai ƙara ko taku ɗaya ba.

Ranar da ya fara zuwa, ya ajiye ɗan allo mai rubutun Manaja a kan tebur.

Kawu ya ce, "Sannu da zuwa, Auta. Yaya jikin Maigida?"

"Kawu, a gida ni Auta ne. A nan Manaja."

Gwaggo ba ta tsayar da keken ba ta ce, "To Allah ya taya riƙo, ranka ya daɗe. Ni dai na san ranar da Manaja ya haɗiye maɓalli muka yi asibiti da shi."

Ba wanda ya yi dariya sai mai gyaran agogo da ke leƙowa daga waje.

Cikin wata biyu Auta ya samo aikin da ya ce zai canza tarihin shagon. Wani kamfanin masu gadi yana son takalman aiki, ƙafa dubu biyu, kashi huɗu. Ya yi hayar injina uku. Ya ɗauki sababbin ma'aikata biyar da ake biya da yawan abin da suka yi. Tsofaffin masu saye kuwa, in sun zo sai ya ce su dawo bayan wata uku.

Kawu ya same shi a gefe.

"Manaja, ma'aikaciyar jinyar nan takalminta ya mutu. A tsaye take yini. Kwana biyu kawai nake buƙata."

"Kwana biyu a kan mutum ɗaya? Injin nan yana yin arba'in a yini."

"Injin bai san ƙafarta ba."

"Ƙafa ƙafa ce, Kawu. Ku ne kuka sangarta mutane."

Kawu ya yi aikin a lokacin hutunsa na rana.

Abin da ya rage wa Auta shi ne wuri. Inji na uku ba shi da inda za a kafa shi, ga fata a jibge har bakin ƙofa. Ya dubi bangon nan, ya ga taku ɗaya da rabi na fili da tsofaffin itatuwa suka cinye.

Ranar Litinin Kawu ya iso da ƙarfe bakwai da kwata kamar kullum. Ya tura ƙofa, ya yi sallama, ya ɗaga kai.

Bango fayau. Ƙusoshi ne kawai a jere, kowace da ɗan farin tabo a ƙarƙashinta inda rana ba ta taɓa fentin ba.

Gwaggo ta shigo bayansa. Jakarta ta faɗi ƙasa.

"Innalillahi! Ɓarayi?"

Auta ya fito daga bayan inji yana goge hannu. "Wane irin ɓarayi? Ni na sa aka kwashe ranar Asabar da yamma. Mai gidan burodin bayan layi ya ce busasshen itace ne, yana so."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yana so ya yi me da shi?"

"Me ake yi da itace a gidan burodi?"

Kawu yana da shekara sittin da bakwai, yana kuma fama da gwiwa. Amma mai gyaran agogo ya rantse da gudu ya gan shi ya wuce.

Ya tarar da tanderu yana ci. Buhu tara aka kawo, bakwai babu komai a ciki, na takwas an ci rabinsa. Mai hura wuta yana riƙe da ƙafa ɗaya zai jefa.

"Tsaya! Don girman Allah tsaya! Ta Direba ce!"

Mutumin ya dube shi kamar mahaukaci. Mai gidan burodin ya fito, da ya ji bayani sai ya ce:

"Wallahi Baba ban sani ba. Cewa aka yi shara ce. Tun jiya nake cewa itacen nan yana da ci, ashe..."

Kawu ya zube abin da ya rage a ƙasa, ya durƙusa yana haɗa su bibbiyu, yana kiran masu su a hankali kamar mai kiran suna a aji. Waɗanda suka cika biyu, arba'in da ɗaya ne. Saura ƙafa ɗaya ɗaya, 'yan'uwansu sun zama toka. Ya nemi ta Malama bai gani ba, hagu da dama.

Ya ɗauko buhun a kafaɗa ya dawo shago. Ya ajiye a gaban tebur.

"Auta, ka san abin da ka ƙona? Shekara talatin da takwas na mahaifinka ka gasa burodi da su."

A gaban sababbin ma'aikata ya faɗa, kuma Auta ya ce, ba Manaja ba. Idon saurayin ya yi ja.

"Tunda shara ta fi maka aikin, ɗauke ta ku tafi tare. Daga yau ba na buƙatar mai sassaƙa."

Kawu ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta sau uku, ya ajiye a kan kujerarsa. Ya ɗauki buhunsa.

Gwaggo ta miƙe, ta rufe kekenta da zane.

"Ke kuma ina za ki? Ban kore ki ba."

"Na hutar da kai, ɗana. Wanda ya kori Kawu da safe, ni da azahar zai kore ni."

A nan ne nake so masu karatu su lura da kyau, domin abin da ya biyo baya ba laifin mutum ɗaya ba ne.

Kawu bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Wani mai shagon takalma ya aiko masa har sau biyu, ya ce ya zo da mutanensa, a ba shi abin da yake so. Kawu ya ce, "Mutanen Maigida ne, ba nawa ba. Ba zan kwashe su yana kwance ba." Duk ranar Laraba yana zuwa gidan Maigida, ya yanke masa farce, ya matsa masa ƙafa. In tsohon ya tambaye shi da ido, sai ya ce, "Shago lafiya lau." Yana ganin rufin asiri yake yi, yana ganin yaron zai dawo hankalinsa kafin labari ya bazu.

Mako uku bayan haka Malama ta zo shagon tana dogara sanda. Jikarta za ta karɓi takardar kammala karatu, tana son sabon takalmi. Ta dubi injina, ta dubi bango, ta dubi Auta.

"Auta, ina ƙafafunmu?"

Ita ba ya iya ce mata ta kira shi Manaja. Ita ta koya masa riƙe fensir.

"Mun mayar da su sito, Malama. Ƙura ta yi yawa."

"Kawu fa?"

"Yana hutu."

"To a sauko da tawa. Nan da kwana biyar nake so."

Da ya faɗi gaskiya a lokacin, da kunyar minti biyar ce. Amma ya ce to. Ya sa ɗaya daga cikin sababbin ma'aikatan ya ɗinka takalmin mata a kan ƙafar roba mai lamba talatin da tara. Takalmin ya yi kyau ƙwarai a ido. A ciki akwai ɗinki siriri da ya ratsa daidai gefen babban yatsa.

Ranar da ta zo karɓa, ta juya shi a hannu.

"A kan ƙafata aka yi shi?"

"A kan ƙafarki, Malama."

"To shi ke nan. Ka san ni ba na ji, ku ne idona. Ka gaishe da mahaifinka."

Ta sa, ta taka, ta ce ya yi. Me za ta ce? Ba ta jin komai. Washegari ta tafi garin da 'yarta take.

Aikin kamfanin masu gadi kuwa, kashi na farko ya shiga lafiya. Auta ya kai kashi na biyu da kansa, ya tarar da jami'in sayen kaya yana shan shayi.

"Af, Manaja, ba a kira ka ba? Mun sami wanda zai yi mana da sauƙi. Wannan ma ka koma da shi."

"Ranka ya daɗe, mun yi magana kashi huɗu! Na yi hayar injina, na ɗauki mutane!"

"Kasuwa ce, Manaja, ba aure ba. Ja mini ƙofar in ka fita."

Cikin mako guda masu injina suka zo suka kwance kayansu. Sababbin ma'aikatan biyar suka watse, ko sallama ba su yi ba, ɗaya ma ya tafi da almakashin Gwaggo. Auta ya zauna shi kaɗai da takalman gadi ɗari biyar da ba mai so.

Sai ya tuna da mutanen da ya ce su dawo bayan wata uku. Wata uku ya cika, na huɗu ya shiga. Ba wanda ya dawo. Mai gidan burodi ba ya riƙe magana, labari ya riga ya zaga. Direba ya wuce ta ƙofar shagon da mota, ya rage gudu, ya leƙo.

"Manaja! In na sayi burodi in ce a ba ni na ƙafar dama ko na hagu?"

Ya ja motarsa. Ba dariya yake yi ba.

A lokacin ne jikin Maigida ya ɗan yi sauƙi. Ya fara furta kalma ɗaya ɗaya, kuma kalmar da ya nace a kai ita ce shago. Auta ya yi ta kawo uzuri, har mahaifiyarsa ta ce, "In ba za ka kai shi ba, ni zan kai shi." Ita ma ba ta san komai ba.

Aka tura shi a keken marasa lafiya har tsakiyar shagon. Ya dubi kujerar Kawu da rigar aiki a ninke. Ya dubi keken Gwaggo a rufe. Sannan ya ɗaga kai.

Mahaifiyar ta ce, "Na shiga uku. Auta, ina suke?"

Tsohon bai yi kuka ba. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya san wanda ke kan kowace. Ya yi layi na farko, ya yi na biyu. A tsakiyar na uku hannun ya gaji ya faɗi a cinyarsa. Ya juyo ya dubi ɗansa, ya yi ta kokawa da harshensa, har kalma ta fito.

"Mutane."

Bai ƙara ba. Ya yi alama a mayar da shi gida.

Washegari da hantsi Auta ya je gidan Kawu. Ya tarar da shi a barandar gida, ya jera ƙafafun mutum arba'in da ɗayan nan a kan tabarma yana shafa musu mai. Auta ya tsuguna.

"Kawu, na zo ne..."

"Manaja ne ko Auta?"

"Auta ne."

"To zauna."

Ya faɗi duk abin da ya faru. Ya ce in ba a yi wani abu ba, ƙarshen wata zai rufe shagon. Abu ɗaya ya ɓoye, takalmin Malama. A ransa yana ganin ƙaramin abu ne.

Kawu ya ajiye ƙafar da ke hannunsa.

"Zan dawo, don mahaifinka. Gwaggo ma zan roƙe ta, ka shirya kunnuwanka. Amma da sharaɗi. Katako ba ya sassaƙa kansa, sai an sake auna kowa. Kuma ba za su zo ba, mu za mu je. Ni zan nuna gida. Kai za ka durƙusa."

Haka suka fara, gida gida, da takarda da fensir da zare. Wasu sun karɓe su. Wasu sun bar su a tsaye a ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ta ba da ƙafarta, amma ba ta ce wa Auta uffan ba, da Kawu kawai take magana. Tsofaffin kuwa bakinsu ɗaya: "Malama ta koma? In ta koma mu ma mun koma."

Suka ji labarin ta dawo daga wurin 'yarta bayan wata huɗu. Suka je da safe. 'Yar ce ta buɗe ƙofa. Ta gaishe da Kawu. Da ta ga wanda ke bayansa, fuskarta ta canza, ta kama ƙofar za ta rufe.

Daga ciki aka ce, "Bar su su shigo."

Malama tana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata cinya da bargo har ƙasa. Ta rame. Gilashinta na nan a kan hanci yadda ɗalibanta suka san shi.

Auta ya durƙusa, ya shimfiɗa takarda, ya fara jawabin da ya saba yi a kowane gida: ya yi kuskure, katakon sun ƙone, ya zo a sake awo, a yafe masa.

"Yaushe suka ƙone?"

Ya hau gyara takardar.

"Tambayarka nake yi, Auta. Kafin ka ba ni takalmin, ko bayan ka ba ni?"

Kawu ya juyo da sauri. "Wane takalmi?"

"Kafin," in ji Auta, da kyar.

"To ɗaga bargon."

Ya ɗaga.

Ƙafa ɗaya ce a ƙasa, cikin safa. Ta hagu ta ƙare a ƙasan gwiwa, an naɗe ta da farin bandeji.

Fensirin ya faɗi daga hannun Auta. Kawu ya ja da baya har ya bugi bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, yana ta maimaita sunan Allah.

'Yar ce ta yi bayani, muryarta a bushe. Ranar bikin Malama ta yini da takalmin tun safe har yamma. Kwana uku a jere tana sa shi, domin baƙi na ta zuwa. A rana ta huɗu aka ga safa ta manne da jini. Likita ya duba takalmin, ya sa yatsa a ciki, ya ce wa ya ba mai ciwon suga wannan? Malama ta yi masa gardama. Ta ce ba takalmin ba ne, shagon nan bai taɓa cutar da ita ba. Wata biyu ana wanke gyambon, ya ƙi. Aka cire yatsa. Sannan aka cire sauran.

"Har a kan gadon asibiti tana kare ku," in ji 'yar. "Sai da muka dawo muka ji labarin gidan burodi."

Kawu yana hawaye ya ce, "Malama, ni ma da hannuna a ciki. Na san katakonki ya ƙone tun ranar. Da na zo na gaya miki. Na yi shiru don kada sunan shago ya ɓaci."

"Na yi tunanin haka, Kawu. Ka rufa wa shago asiri, ka bar ni a buɗe."

Auta ya kifa goshinsa a kan takardar. Kafaɗunsa na girgiza. "Malama, ki kai ni kotu. Ki sa a rufe shagon. Duk abin da kika yi daidai ne."

"Yarinyar nan ta so haka. Har yanzu tana so." Ta gyara gilashinta. "Na yi shekara talatin da biyar ina hukunta yara, na san inda bulala ke amfani da inda ba ta yi. In aka rufe shagon, mutanen da na kai can su je ina? Su sayi na kanti, su zama kamar ni? Ɗago kanka."

Ya ɗago.

"Ban yafe ba tukuna. Kada ka fita ka ce na yafe. Wataƙila nan gaba, ban sani ba. Kuma duk wanda ya tambaye ni, zan gaya masa abin da ka yi, ba ragi."

"Na ji, Malama."

Ta turo ƙafar dama a hankali har kan takardar.

"Ɗauki fensirinka. Auna wadda ta rage. Kawu, ka tsaya a kansa."

Ya auna ta wuri shida. Sau biyu Kawu ya sa ya sake.

Shagon bai rufe ba. Cikin mutum ɗari uku da goma sha biyu, tasa'in da bakwai ne suka dawo. Direba bai dawo ba. Maigida ya rasu bayan wata bakwai, bai sake neman a kai shi shagon ba. Auta yana can har yau yana koyon sassaƙa a hannun Kawu, Gwaggo tana kan kekenta. Duk wata shida yana zuwa gidan Malama da kansa ya duba ƙafar, ya sa yatsa a cikin takalmin ya bi shi lungu lungu kafin ta sa. Tana karɓarsa, tana tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa. Kalmar da yake jira ba ta faɗa ba tukuna.

Darasi: Mai saye da ya daɗe tare da kai, da ma'aikacin da ya tsufa a hannunka, su ne shagon, ba bango da injina ba. Baƙon ciniki yana tafiya ranar da ya ga mai sauƙi. Wanda ya yarda da kai kuwa ya daina dubawa, saboda haka ƙaryarka a gare shi ta fi ta kowa ɓarna. Kai kuma ma'aikaci mai amana, kada biyayya ga maigida ta sa ka yi shiru a kan abin da zai cuci mai saye. Ku tura wannan ga duk mai sana'a da kuka sani, musamman wanda ya gaji shago bai san yadda aka tara mutanen cikinsa ba.